Kwandalar Bahamas da Muka Samu a Adakar Baba: A Narke Ko a Ajiye?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Jiya muna gyaran ɗakin mahaifinmu, wata huɗu ke nan da rasuwarsa, sai ƙanwata ta zaro wani ɗan akwati daga ƙasan adakar takardunsa. Da muka buɗe sai ga wata ƙatuwar kwandala fara sol, a cikin roba, tana ƙyalli kamar madubi. Ta cika mini tafin hannu, ga nauyi. Gefe guda kan Sarauniyar Ingila ne, ɗaya gefen kuma jirgin ruwa irin na da, mai ƙyallayen nan da iska ke turawa. An rubuta Bahamas, an rubuta dala goma, sai kwanan wata 10 ga Yuli 1973. Baba ya yi karatu a Ingila a shekarun nan, ina jin daga can ya zo da ita. Azurfa ce ta gaske? Kuma in azurfar ce, me ya kamata mu yi da ita? Ga hotuna nan gaba da baya.

Maman Hanifa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Tabarakallah, abin gwanin kyau. Ni wallahi da na ga hoton na ɗauka murfin gwangwani ne saboda girma.

Ɗan Maƙera: Allah ya gafarta masa. Yaya, kafin komai, kada ka goge ta. Ko da auduga kada ka shafa. Na sha ganin mutum ya kawo mini tsohon abu ya dirje shi da toka ko man goge haƙori wai don ya yi haske, alhali ya kashe rabin kuɗinsa. Ka sa maganaɗisu kusa da ita. In ya kama, magana ta ƙare, ba azurfa ba ce. In bai kama ba, wannan bai isa hujja ba, don tagulla ma ba ya kama ta. Sai ka je wajen masu sayar da gwal su ɗora maka a sikeli. Nauyi da faɗi su ne shaidar da ba ta ƙarya.

Anti Bilki: Ɗana, na san wannan kwandalar. Maigidana yana tara irinsu nan Amurka, har ya ishe ni da su. Ta tunawa da samun 'yancin kan Bahamas ce, wata ƙasar tsibirai da ke kusa da Amurka. Ta gaskiyar nauyinta kusan giram 50, faɗinta santimita 5, kuma azurfar da ke ciki kashi 925 ne cikin 1000, ragowar jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari. A shekarun nan wani kamfani mai zaman kansa da ke jihar Pensilbaniya, Franklin Mint, shi ke buga wa Bahamas kwandalolin masu tarawa. Wannan ƙyallin da kake gani da gangan ake yinsa: a goge hatimin bugun sosai, a buga fiye da sau ɗaya, sai filin ya fito kamar madubi, hoton kuma ya yi kamar an barbaɗa masa gari. Ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ba a yi ta don a sayi burodi ba.

Kwamared: Ku tsaya, ni wani abu ne ya tsaya mini a rai. Ƙasa ta ce ta samu 'yanci daga Ingila, sai ta buga kuɗin murna. Gaba kan Sarauniyar Ingilar. Baya jirgin Turawa. Masu bugawa 'yan kasuwar Amurka. Masu saye Turawa. To ina ɗan ƙasar yake a cikin wannan murnar? An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas.

Baba Malam: Kwamared, tambayarka ta yi, kuma abin ya ma fi yadda ka zata. Jirgin nan Santa Mariya ne, babban jirgin Kolumbus. A ɗaya daga cikin tsibiran Bahamas ya fara taka ƙasa ranar 12 ga Oktoba 1492, tsibirin da mutanen wurin ke kira Guwanahani, shi kuma ya raɗa masa San Salbado. Mutanen da ya tarar, Lukayawa, ba su yi shekara talatin ba bayan zuwansa sai da tsibiran suka zama kufai. Mutanen Sifen suka riƙa kwasarsu zuwa tsibirin Hispaniyola aikin haƙar zinariya, wasu aka kai su nitso neman lu'ulu'u, cututtukan da baƙin suka kawo suka gama da saura. Shi kansa jirgin bai koma gida ba, a daren Kirsimeti na shekarar ya dagargaje a gaɓar da ke Haiti a yau.

Kwamared: Ka ji fa! Wato hoton mafarin halakarsu suka ɗora a kan kuɗin 'yanci.

Baba Malam: A hankali ɗana, ban gama ba. Waɗanda suka karɓi 'yanci a 1973 ba jikokin Lukayawa ba ne. Mafi yawansu jikokin bayi ne 'yan Afirka. Wasu an zo da kakanninsu bayan 1783, lokacin da Turawan da suka goyi bayan Ingila a yaƙin 'yancin Amurka suka gudu da bayinsu zuwa tsibiran. Wasu kuma sojojin ruwan Ingila ne suka ƙwato su daga jiragen fataucin bayi suka sauke su a can, aka kafa musu ƙauyuka irin su Adeled da Gambier kusa da Nasso, babban birnin. Akwai Yarabawa da mutanen Kwango a cikinsu. Har gobe adashi a can sunansa asu, daga esusu na Yarabanci. Su waɗannan mutanen a lokacin, jirgin Kolumbus abin tinƙaho ne a wurinsu: nan ne wurin da sabuwar duniya ta fara haɗuwa da tsohuwa, kuma shi ne abin da baƙi masu yawon buɗe ido suka san su da shi. Jirgin yana nan a tsakiyar tambarin ƙasarsu, wanda aka amince da shi tun 1971, da wani kifi mai baki kamar mashi a gefe ɗaya, da tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu ruwan hoda a ɗaya gefen. Ba Baturen Pensilbaniya ne ya ƙaƙaba musu shi ba.

Kwamared: Allah ya ƙara lafiya Baba, amma ban gamsu ba. Wanda aka raina shi a makarantar Bature dole ya ɗauki gwarzon Bature nasa. Mu ma ai an koya mana wai Mango Fak ne ya gano kogin Kwara, alhali kakanninmu na kama kifi a ciki.

Baba Malam: Wannan kam ba na musu, ni kaina na koyar da hakan a aji da bakina, Allah ya yafe mana. Kuma su ma sun sake tunani. Ranar 12 ga Oktoba da suke hutu da sunan ranar gano ƙasa, tun 2013 suka mayar da hutun na gwarazan ƙasa. Abin da nake so ka gane shi ne, kwandalar nan hoton tunanin mutane ne a shekarar da aka buga ta. Shi ya sa nake ganin asara ce a narke ta. Takarda za a iya sake rubutawa a gyara labari, wannan kuwa ta daskare a 1973.

Ɗan Maƙera: Baba, ku yi haƙuri, ni ɗan kasuwa ne. Bari in yi wa Yaya lissafi. Giram 50 ɗin nan in ka cire jan ƙarfe, azurfa tsantsa wajen giram 46 ce. A ma'aunin da duniya ke sayar da azurfa, oza ɗaya giram 31.1 ce, ke nan tana ɗauke da kusan oza ɗaya da rabi. Ka duba farashin oza na ranar a intanet, ka ninka, ka ga kuɗinta. Dala goman da aka rubuta a jiki ka manta da ita, ƙarfen ya ninka ta nesa ba kusa ba. Zobba nawa za su fita a giram 46? Ga 'yan kunne, ga warwaro. Tarihi ba ya sa tukunya ta tafasa.

Maman Hanifa: Kai Ɗan Maƙera, ba ka da tausayi! Abin da mahaifin mutum ya adana shekara hamsin, kai zobba kawai kake hange.

Ɗan Maƙera: Hajiya, ai sana'ar da muka gada ke nan. Kakana da riyal ɗin nan mai kan mace ya yi ta ƙera wa kakanninku mundaye. Na Mariya Tariza nake nufi, na ƙasar Ostiriya, wanda duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jiki ko da yaushe aka buga shi. Giram 28 ne, azurfarsa kashi 833. Fatake suka shigo da shi ta Sahara, aka yi ciniki da shi a Barno da ƙasar Hausa, da ya daina tafiya a kasuwa sai ya koma wuyan mata da hannayensu. Ba wanda ya yi kuka a lokacin.

Anti Bilki: Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da ba za ta yi daɗi ba. Kada Abban Sadik ya sa rai cewa ya tsinci dami a kala. An buga irin wannan da yawa, dubbai, don sayar wa masu tarawa a waje. A shekarun 1970 ƙananan tsibirai da dama sun shiga wannan harkar, Jamaika, Tirinidad, da sauransu, saboda hanya ce ta samun kuɗin shiga ba tare da haraji ba: gwamnati ta ba da izini, kamfani ya buga ya tallata, a ba ta kasonta. A wajen gwanjo nan, farashinta ba ya nisa da kuɗin azurfar da ke cikinta. In akwatin da takardar shaidar suna nan, kuma ba ta da ƙarzuwa, a ɗan ƙara wani abu. Shi ke nan.

Abban Sadik: Anti, akwatin yana nan, takarda dai ban gani ba. To in an buga da yawa haka, ai narkewar ba wata asara ba ce ke nan?

Anti Bilki: Nan kuma akwai magana. A watan Janairun 1980 azurfa ta yi tashin gwauron zabi, ta kusa dala 50 kowace oza, lokacin da wasu 'yan uwa attajiran Teksas, 'ya'yan gidan Hunt, suka yi ta sayenta suna tarawa. Mutane suka yi layi a shaguna da cokula da farantai da kwandaloli irin wannan, aka zuba su a tukunyar narki. Bayan wata biyu farashin ya faɗi warwas. Ba wanda ya ƙirga nawa aka narke a lokacin. Haka aka sake yi a 2011. Duk tashin da azurfa ta yi, sai adadin ya ragu. Taka da ta tsallake duka biyun a ƙasan adaka a Kano, ni dai ina jin ta cancanci a ƙyale ta.

Isuhu Damagaram: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Kwamared, in kan Sarauniya ne ya ɓata maka rai, mu a Nijar an buga na azurfa na tunawa da 'yancin 1960, na jaka ɗaya da na dala ɗari, wato sefa 1000 da sefa 500, da kan shugabanmu na farko Diori Hamani a jiki. Ɗan ƙasa ne, ba Bature ba. Amma ka tambayi duk dattijon da ka sani a Damagaram ko Maraɗi ko ya taɓa riƙe ɗaya a hannunsa. Ni a hoto kawai na gani, a shafin wani mai gwanjo na Faransa. Ko kan wa aka sa, irin wannan kuɗin ba na talaka ba ne.

Baba Malam: Malam Isuhu ka taɓo wani wuri. Sa kan ɗan ƙasa ma yana da nasa hatsarin. Dubi Seshel, tsibiran nan da ke tekun Indiya. Sun samu 'yanci ranar 29 ga Yuni 1976, suka buga kwandaloli da kan shugabansu na farko, James Mancham, har da ta rufi goma mai hoton kunkurun ruwa, wadda aka yi ta azurfa don masu tarawa. Shekara ba ta cika ba, ranar 5 ga Yuni 1977, yana Landan wajen taron ƙasashe rainon Ingila, firaministansa Albert René ya kifar da shi. Kuɗi na yawo da fuskar mutum, shi kuwa yana gudun hijira.

Kwamared: To ko ba komai Mancham ɗan ƙasa ne. Kuskuren gida ya fi daidai ɗin baƙo. Su Bahamas ba su da gwaraza ne?

Baba Malam: Suna da su mana, kuma ba su daɗe ba suka sa su. Ta shekarar da ta biyo baya, 1974, ta cikar shekara ɗaya da 'yanci, hoton Sir Milo Butler ke jiki. Bari in gaya maka ko wane ne, don irin mutanenka ne. Kafin 1967 wasu 'yan kasuwa farare ne ke juya ƙasar, ana ce musu yaran titin Bay, da sunan titin da shagunansu suke. Sun yanka mazaɓu yadda ko baƙar fata sun fi yawan ƙuri'a ba za su fi yawan kujeru ba. Ranar 27 ga Afrilu 1965 ana muhawara a kan wannan yankan mazaɓun, sai Lynden Pindling, jagoran 'yan hamayya, ya tashi ya ɗauki sandar majalisa ya wurga ta ta taga, wai ikon na jama'a ne, jama'a kuwa suna waje. Butler ya bi bayansa da agogon rairayin da ake auna wa 'yan majalisa lokacin magana da shi, shi ma ya cilla ta tagar. Zaɓen 10 ga Janairu 1967 aka yi kunnen doki, kujera 18 da 18, sai ɗan jam'iyyar ƙwadago guda da ɗan takara mai zaman kansa guda suka ba Pindling rinjaye. Shi ya kai su ga 'yanci. Yarima Charles, wanda yake sarki yanzu, shi ya wakilci mahaifiyarsa a bikin. Butler kuma, mai jifa da agogo, ya zama gwamna janar na farko ɗan ƙasa. Yau hotonsa ne a takardar dala 20, na Pindling a ta dala 1. Kuma daga 1974 suka cire kan Sarauniya daga kwandalolin da ake kashewa, suka sa tambarin ƙasa.

Kwamared: Wannan Butler ɗin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yau Sarkin Ingila ne shugaban ƙasarsu. Barbados ta yanke igiyar a 2021. Su me suke jira?

Maman Hanifa: Kwamared, bawan Allah ya zo neman shawara a kan kayan mahaifinsa, kai kana neman ka kafa jamhuriya a tsibirin da ba ka san hanyarsa ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan batu. Wanda ke son maganar sarautar Ingila ya buɗe nata daban.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifinku. Na ga ana ta a narke, a ajiye, an tsallake abin da ya fi muhimmanci. Abban Sadik, an raba gado? In ba a raba ba, kwandalar nan ba taka ba ce kai kaɗai, ta duk magada ce, komai ƙanƙantarta. Ba ka da ikon sayarwa ko narkewa ko riƙewa sai da yardarsu. Hanya mai sauƙi ita ce a yi mata kuɗi, wanda ke so ya ɗauka a cikin rabonsa. Na biyu, in za a sayar, azurfa ce, cinikinta hannu da hannu ne, a ba da a karɓa a zama ɗaya, ba bashi. In kuma da wata azurfar za a musanya, sai nauyi ya zo daidai.

Abban Sadik: Allah ya gafarta Malam, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Ba a raba ba tukuna, muna jiran yayanmu ya dawo. Zakka fa? Shekara hamsin tana kwance.

Ustaz Nura: Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595. A lissafin da Ɗan Maƙera ya yi, sai an tara irinta goma sha uku kafin a kai. Ita kaɗai ba ta kai ba. Sai dai in marigayin yana da wasu kuɗi ko zinariya da ake haɗawa, wannan kuma sai ku zauna da malamin da zai raba muku gadon, ya duba gaba ɗaya. Allah ne mafi sani.

Ɗan Maƙera: Malam ya rufe mini kasuwa. Ba komai. Yaya, in kun je awo, ka ce kada su ɗiga mata ruwan gwaji, kada kuma su kankare gefenta a dutse. Yaran shago suna da saurin hannu. Ka tsaya a kansu. In dole sai an fito da ita daga robar, a riƙe ta ta gefe, yatsa kada ya taɓa fuskar, don zanen yatsa yana zama tabo ba ya fita.

Abban Sadik: Jama'a na dawo. Na je an auna, giram 49.7, maganaɗisu bai kama ba, faɗin ma ya zo daidai da yadda Anti ta faɗa. Mai shagon ya yi mini tayi nan take, na ce ba tawa ba ce. Da na koma gida na kai wa Hajiyarmu don in gaya mata maganar Ustaz. Tana gani sai ta yi shiru, ta juya akwatin, ta nuna mini wani ɗan rubutu da biro a ƙasansa wanda duk ba mu lura da shi ba. Sunanta ne, da rubutun Baba. Ta ce abokin ɗakinsa ne a Ingila, mutumin can tsibirin, ya je gida hutu ya dawo masa da ita, yana ta murna wai yanzu su ma sun zama ƙasa kamar Najeriya. Baba kuma da ya dawo ya sa mata a cikin kayan lefe. Ita ta ba shi ajiya lokacin da muka tashi daga tsohon gida, ta ɗauka ma ta ɓata. Ta ce a lokacin ƙawayenta dariya suka yi ta yi mata, wai an kawo mata kuɗin da ba ya sayen ko daddawa.

Ustaz Nura: To alhamdu lillahi, in haka ne ba ta cikin gado. Kyauta ce da aka karɓa tun yana raye, ta Hajiya ce. Ku dai sanar da sauran 'yan uwa don kada wata magana ta taso daga baya.

Maman Hanifa: Allah sarki. Ni kam na yi ƙwalla. A gaishe mana da Hajiya.

Kwamared: Ina nan a kan bakana game da jirgin. Amma abokin nan na Baba da ya ɗauko ta tun daga Nasso don ya nuna wa ɗan Najeriya, to shi ne ɗan ƙasar da nake tambaya ɗazu. Na ga guda ɗaya.

Ɗan Maƙera: Yaya, ka tambayar mini Hajiya, ko akwai tsohon riyal a cikin kwallarta? Wannan kam ina saye.

Abban Sadik: Na tambaye ta. Ta ce akwai guda uku, kuma ka zo da kanka ka ji amsa.